Kwana Huɗu Muna Bin Sawun Tari

Akwatin sanyi aka fara sakawa a bayan mota, tun kafin jakunkunanmu. Direba ya ɗaure shi da igiya zagaye uku, ya jijjiga ya ga bai motsa ba, sannan ya ce mu shiga. Ba komai a cikinsa sai ƙanƙara da wasu ƙananan robobi masu murfi, waɗanda ake tara kakin masu tari a ciki. Sai daga baya na gane tafiyar duka ta wannan akwati ce, mu 'yan rakiya ne.

Mu huɗu ne. Akwai ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, wadda ta daɗe a aikin tarin fuka, akwai wani matashi mai kula da na'urar ɗaukar hoton ƙirji, sai direba, sai ni. Ni aikina rubutu. Na yi shekaru ina tsara saƙonnin lafiya da ake karantawa a rediyo da waɗanda ake bugawa a manna a bango, kuma a kan tarin fuka kaɗai na rubuta abin da ba zan iya ƙirgawa ba. Amma ban taɓa bin saƙon nawa na ga inda yake sauka ba. Akwai kuma wani dalili da ban faɗa wa kowa a motar ba sai a dare na biyu. Tari ne ya yi ajalin yayata ina ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma har aka binne ta ban ji wani babba a gidanmu ya kira sunan ciwon ba.

Kwalta ta ƙare mana kafin hantsi. Daga nan sai jar ƙasa, sai yashi, sai wani rafi da muka sauka muka tsallaka a ƙafa don mota ta yi sauƙi. Ba zan cika ku da labarin hanya ba, duk wanda ya taɓa shiga karkara ya san ta. Abin da ya tsaya mini shi ne lissafin da na riƙa yi muna tafe. Mu da mota mai ƙarfi, da ƙoshin lafiyarmu, sa'a biyar muka ci. To ina ga mutumin da in ya yi taku ashirin sai ya tsaya ya dafa gwiwa yana haki? Ni kuwa kullum da jimla ɗaya nake rufe saƙonnina: "A garzaya asibiti mafi kusa." A kan wannan hanya na fara jin nauyin kalmar nan "kusa".

Rana ta take muka isa ƙauyen farko. Mai gari ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka yi shela, kafin la'asar fili ya cika. Sista ta miƙe ta gaishe su, ta yi bayani dalla-dalla: tarin da ya wuce mako biyu, zazzaɓi mai zuwa da yamma, gumin dare har ya jiƙa shimfiɗa, rama, rashin son abinci, wani lokaci jini a cikin kaki. Ta ce gwajin kyauta ne, maganin ma kyauta ne. Sannan ta ce duk mai tari ya matso gaba.

Ko mutum ɗaya bai motsa ba. Ga tarin kuwa muna ji da kunnenmu, daga can baya, daga ɓangaren mata. Wani dattijo a sahun gaba ya danne nasa da bakin riga har idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Mai gari ya maimaita kiran da bakinsa, aka yi shiru, kowa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa. Da taron ya watse na ce wa Sista ko dai ba su fahimta ba ne, ko a sake bayanin da sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Malam, sun gane sarai. Sun fi mu sanin ciwon nan, ai sun binne mutane da shi. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne wanda ya yi shi ya warke. Ka jira duhu ya yi."

Haka kuwa aka yi. Bayan magariba, a bayan ajin makarantar da aka sauke mu, suka fara zuwa ɗaɗɗaya, kowa na waige. Wani ya ce ƙaninsa ne ke tari, a ba shi roba ya kai masa, yana cikin maganar tarin ya sarƙe shi. Sista ba ta tsawata masa ba. Ta miƙa masa robar ta ce, "To ga ta ƙaninka. Kai ma tunda ka zo, ga taka." Ya karɓa.

Dattijon nan mai jan ido shi ma ya zo. Ya ce, "'Yata, ni nawa ba wanda kuke nema ba ne. Fuka ce, gadonta na yi. Ita ta kashe mahaifina, ita ta kashe wana." Sista ta ce, "Baba, ɗaki ɗaya kuke kwana da su?" Ya ce ƙwarai, shi ya yi jinyar su biyun. Ta ce, "To ba a jini kuka gada ba, a iska kuka shaƙa." Ta bayyana masa cewa ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana fita daga huhun mai ciwon in ya yi tari ko atishawa ko ma magana, ta tsaya a iskar ɗaki har tsawon sa'o'i, na kusa ya shaƙa. Shi ya sa take bin gida ɗaya tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, har mutane su ce gado ne, wasu su ce sammu aka yi wa zuriyar. Na lura kuma sunan ma yana kawo ruɗani. Wani in ka ce tarin fuka, asma yake ji. Wani ya haɗa shi da tarin shiƙa na yara. Wani sai ka ce tibi sannan ya gane, kuma da ya gane sai fuskarsa ta canza.

Ban taɓa sanin tara kaki sai an koyar ba sai a daren. Ba a yi a cikin ɗaki, sai a fili, nesa da mutane. Mutum ya kurkure baki da ruwa, ya ja numfashi mai zurfi ya saki, ya sake, a na uku ya kakaro daga can ƙasan ƙirji. Yawancinsu yawu suke fara kawowa, Sista ta haska fitila ta duba ta ce a sake. In ya yi, ta murɗa murfin da kyau, ta rubuta lamba a jikin robar da cikin littafi, ta saka a akwati. Da dattijon ya kawo nasa, ya riƙe robar da hannu biyu kamar wani abu mai fashewa. A cikin hasken fitila na ga jan zare-zare a ciki. Shi ma ya gani. Bai ce komai ba, Sista ma ba ta ce ba, ta dai ce masa gobe da safe ya zo a ɗauki hoton ƙirjinsa.

Har mun fara shirin kwanciya wata tsohuwa ta yi sallama a hankali. Ita ba ta tari. Ta roƙi Sista ta zo gidanta da sassafe, kafin mutane su fito.

Ɗakin da ta kai mu yana can ƙarshen gida. Sista ta sa takunkumi, ta ba ni ɗaya, muka shiga. Sai da idona ya saba da duhun sannan na ga mace kwance a kan tabarma, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, ƙasusuwan wuyanta duk a waje. Tagar ɗakin guda ɗaya ce, an toshe ta da tsummoki, an kuma rataya bargo a ƙofa. A bakin ƙofar, can gefe, an ajiye kwano ɗaya da kofi ɗaya, an ɗaura wa kofin zare a hannu don kada ya haɗu da na mutanen gida. A ƙarshen tabarmar kuma ga 'yan zannuwa biyu a naɗe. Sista ta tambaya na waye. Tsohuwar ta ce na jikokinta ne, nan suke kwana da uwarsu, ƙaramin bai kai shekara uku ba.

Mijin ya dawo da ita gida wata huɗu da suka wuce, ya ce ta zauna sai ta ji sauƙi, bai sake leƙowa ba. Tsohuwar ta yi duk abin da ta san ana yi. Ta raba mata kwano, ta hana ta taɓa tulun ruwa, ta toshe taga don a cewarta sanyi ne ya shige ta. Ta sayo ruwan maganin tari kwalba bayan kwalba, ta kawo jiƙe-jiƙe, ta sayar da akuyarta. Uwa ce da ke son 'yarta, ba abin da ta rage. Sai dai an raba kwano, ba a raba iska ba.

Sista ta sa hannu ta zare tsummokin nan ɗaya bayan ɗaya. Haske ya faɗo a kan bango, ƙura na yawo a cikinsa. Tsohuwar ta ce, "Wayyo, sanyi zai ƙarasa ta!" Sista ta ce, "Inna, ba sanyi ba ne. Iska da hasken rana su ne abokan gabar wannan ciwo. Ki bar ta a buɗe dare da rana, ki rufa mata bargo in tana jin sanyi. Yaran kuma daga yau su koma ɗakinki." Muka tallafo matar muka fito da ita tsakar gida. A nan Sista ta cire takunkumi, ta ɗauki kofin nan mai zare, ta ɗebi ruwa ta sha a gaban kowa. Tsohuwar ta dafe ƙirji. Sista ta ce, "Kin ga a ɗaki na rufe hanci, a nan na sha a kofinta. Ba ta kofi yake bi ba, ba ta musabaha ba, ba ta tufafi ba." Mara lafiyar, wadda tun shigarmu ba ta ce uffan ba, sai ta rufe fuska da mayafi ta fara kuka.

Aka ɗora ta a ma'auni, allura ta tsaya a kilo 38. Ana auna nauyi ne domin da shi ake ƙayyade yawan ƙwayoyin da mutum zai riƙa sha. Matashin nan ya kafa na'urarsa, wadda duka-duka a jaka biyu take, ya ɗauki hoton. Ya nuna mini a fuskar kwamfuta: saman huhun dama ya yi fari-fari kamar hazo, a tsakiyarsa wani baƙin rami. Manhajar da ke cikin kwamfutar ta nuna alamar a yi gwajin kaki. Ya ce mini tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da irin wannan manhaja wajen tantance hotuna a inda babu likitan da zai karanta su. Ya ƙara da wani abu da ya ba ni tsoro: binciken da aka yi gida-gida a ƙasashe da dama ya nuna kusan rabin waɗanda aka samu da ciwon a huhu ba su ma kawo kukan wata alama ba. Wato ko kowa ya amsa kiran Sista a fili, da sauran rina a kaba.

A daren nan ne na ba su labarin yayata. Ita ma ƙarshen gida aka kai ta. Ita ma kofinta daban. An hana ni shiga, sai dai in tsaya a bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa da muryar da ba ta fita. Na girma ina ganin kamar wani abin kunya ne ya same mu. Ban san ko an taɓa gwada kakinta ba. Abin da na sani shi ne a lokacin da ta rasu maganin ciwon ya daɗe a duniya.

Tarihin nan na haddace shi, don duk shekara in 24 ga Maris ta zo sai na rubuta shi. A wannan rana ce a 1882 Robert Koch ya tsaya a birnin Balin na Jamus ya sanar cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa ciwon, a zamanin da yake kashe mutum ɗaya cikin bakwai a Turai da Amurka. A 1921 aka fara yi wa ɗan Adam allurar BCG a Faransa, wadda har yau ake yi wa jarirai. Tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in ciwon, irin wanda ke hawa ƙwaƙwalwa kamar sanƙarau, amma ba ta cika kare babba daga na huhu ba. A 1943 aka gano streptomycin, maganin farko da ya yi tasiri a kansa. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana shi a matsayin matsalar gaggawa ga duniya baki ɗaya. Duk da haka, a 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu, miliyan 1.25 suka mutu. Waɗanda aka gano aka rubuta sunansu miliyan 8.2 ne. Saura sama da miliyan biyu da rabi ba su shiga littafin kowa ba. Sau nawa na rubuta wannan adadi hankalina kwance! A daren nan barci ya gagare ni, don na san inda ɗaya daga cikinsu take kwana, na san launin zaren da ke kofinta.

Kashegari muka nufi ƙauye na biyu, wanda mota ba ta kaiwa. A bakin kogi wani mai babur yana jiranmu, shi ne ke ɗaukar robobin kaki daga ƙauyukan yankin ya kai ɗakin gwaji, ya dawo da sakamako da magani. Ƙaƙƙarfan mutum, mai yawan dariya. Shi ya yi ta jigilarmu da kayanmu har muka haɗu a can.

Taro ya taru kamar na shekaranjiya, na zaci abin da ya faru ne zai sake faruwa. Amma Sista ba ta miƙe ba, mai babur ne ya miƙe. Ya gaida mai gari, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in yi magana." Ya juyo ga jama'a ya ce duk sun san shi, sun san ubansa. Ya ciro waya ya nuna wani hoto, aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu. Wani ƙwarangwal ne zaune a kan benci, riga ta yi masa yawa. Ya ce, "Ni ne nan. Tibi na yi. Har an fara yi wa mahaifiyata jaje." Ya ciro wani tsohon kati da ya sha ninki, layi-layi duk an yi masa alama, ya ɗaga sama. "Wata shida, kullum da safe kafin in ci komai. Ban tsallake ko rana ɗaya ba. Ga ni. Wanda yake ganin ƙarya ne ya zo mu yi kokawa." Aka fashe da dariya. Dariyar ba ta gama kwantawa ba wata mata ta miƙe da goyo ta ce ita tana tari. Sai wani. Sai wani. Da rana tsaka, a gaban kowa, aka yi layi.

Na tsaya ina kallon layin nan ina tuna takardun da na rubuta. A kusan dukkansu hoton da ake sakawa na ramammen mutum ne yana tari cikin hannu, da manyan haruffa ja: tarin fuka na kisa. Mun ɗauka tsoro ne zai kawo mutane. Ashe tsoron suna da shi har ya yi musu yawa, shi ne ma yake sa su ɓuya. Labarin da bai iso ba shi ne cewa sama da 85 cikin 100 na waɗanda suka sha maganin yadda ya kamata suna warkewa, kuma wanda ya fara shan maganin da ya dace, cikin 'yan makonni haɗarin ya shafa wa wani yana raguwa ƙwarai. Wannan labari kuwa takarda ba ta iya ba da shi kamar yadda mai babur ya bayar. Gani ya kori ji. A ganina duk shirin wayar da kai da bai nemo waɗanda suka warke ya ba su abin yi da abin hawa ba, ya bar mafi ƙarfin makaminsa a gida.

Amma a wannan ƙauye ne kuma na ga ɗaya fuskar al'amarin. Wani magidanci ya tsaya nesa da layin, sai da aka watse ya matso. Shi ma yana da kati, sai dai alamomin nasa sun tsaya a wajen wata na biyu. Ya ce da ya fara shan maganin fitsarinsa ya koma ja, ya tsorata ya ce jini ne, ba wanda ya gaya masa haka ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin ke yi. Ya daure ya ci gaba. Da wata biyu ta cika tari ya tsaya, ƙarfi ya dawo, ga damina ta kama, ga gona na jira, ga zuwa karɓo magani yana cin yini guda da kuɗin mota. Sai ya bari. Yanzu tarin ya dawo, ya fi na da.

Sista ta zaunar da shi ta ce, "Yaya, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba." Maganin kashi biyu ne. Wata biyun farko magunguna huɗu ake haɗawa, isoniazid da rifampicin da pyrazinamide da ethambutol, su ne ke karya lagon ciwon har mutum ya ji garau. Wata huɗun da ke biye ana ci gaba da biyun farko, don su kakkaɓe ƙwayoyin cutar da suka lafe. Rifampicin ne ke rina fitsari da gumi da hawaye, kuma ba illa ba ce. Wanda ya riƙa sha yana bari, yana iya ba ƙwayar damar gagarar maganin, kuma in ya shafa wa wani, mai gagarar zai shafa masa. A 2023 kimanin mutum 400,000 ne suka kamu da irin wannan a duniya, kuma biyu cikin biyar ne kawai suka samu magani. A da jinyarsa takan kai shekara ɗaya da rabi ko fiye, da allurai masu iya kurmantar da mutum. Tun 2022 an amince da wani haɗi na wata shida, duka na haɗiya. Ta ce masa sai gwaji ya nuna wane iri ne nasa, kada ya yanke ƙauna.

Ban ga laifin mutumin nan ba, har yanzu ban gani ba. Mukan ce magani kyauta ne, kuma gaskiya ne a ƙasashe da yawa, amma hanya ba kyauta ba ce, yinin da aka rasa a gona ba kyauta ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan rabin gidajen da ciwon ya shiga suna asarar sama da kashi 20 cikin 100 na abin da suke samu a shekara. Ga yunwa kuma, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke buɗe wa ciwon ƙofa, tare da cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon suga, da taba, da giya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar, amma biyar zuwa goma cikin ɗari ne kawai take tasar wa a tsawon rayuwarsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin mu tashi, Sista ta sa aka kira ƙanin mutumin, aka yi yarjejeniya shi zai riƙa tsayawa a kansa kullum da safe ya ga ya haɗiye ya yi alama a kati, mai babur kuma ya ɗauki nauyin kawo maganin har gida. A hanyar komawa muka ratsa ta wata ruga, Sista ta tsaya minti kaɗan ta gaya musu akwai irin ciwon da ke kama shanu, yana iya shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba.

Rana ta huɗu muka kamo hanyar dawowa, akwati cike, direba na kaffa-kaffa da kowane rami. Ƙanƙarar ta fara narkewa, hankalin Sista duk yana kanta. Muna isa ɗakin gwaji ban tafi gida ba, na roƙi a bar ni in gani ta gilashi. Mai gwajin ya zuba wani ruwa a kan kakin, ya girgiza, ya jira, ya ɗiba ya zuba a wani ɗan ƙoƙon roba da bai kai tafin hannu ba, ya tura shi cikin na'urar GeneXpert. Tun 2010 aka amince da wannan na'ura. Cikin ƙasa da sa'a biyu takan faɗi ko akwai ƙwayar, ta kuma faɗi ko rifampicin zai ci ta. Sa'a biyu. Matar nan ta yi wata huɗu a ɗaki mai duhu.

Na dattijon ya nuna akwai. Na matar ma akwai, kuma irin wanda magani ke ci ne. Na magidancin mai rabin kati ba a kai kansa ba sai washegari, Sista ta ce za ta kira ni.

Tsohuwar ba ta da waya, lambar maƙwabcinta ta ba mu. Sai a kira na uku ya shiga, muka jira aka je aka kira ta. Sista ta buɗe muryar wayar don in ji. Ta ce, "Inna, an gano ciwon, kuma yana da magani. Gobe mai babur zai kawo. Wata shida za ta sha, ko ta ji sauƙi kada ta bari. Fitsarinta zai yi ja, kada ki tsorata. Yaran ma za a duba su. Ƙaramin ba zai iya kaki ba, bayan gidansa za a gwada, in ba su kamu ba akwai maganin kariya da za a ba su. Ke ma za a duba ki."

Aka yi shiru a can, sai kukan kaji da iska. Sannan tsohuwar ta ce, "Za ta tashi kenan?"

"In sha Allahu za ta tashi, Inna. Tagar fa?"

"Tana buɗe. Jiya ma a waje ta yini." Ta ɗan yi jim, ta ce, "Na kwance zaren nan na kofi."

Da asuba na fito na tarar da mai babur ya riga ya iso. Ya ɗora akwatin sanyi a baya da sabbin robobi, ya saka kwalayen magani biyu a jakar da ke ƙirjinsa, da sabbin katuna biyu da ba a yi wa ko alama ɗaya ba. Na riƙe masa igiyar ya zagaya ta sau uku, ya jijjiga akwatin, ya buga babur.